Faiba mai 200 nake biya, amma kwamfutar da ke kan kebul ba ta wuce 94

Baban Husna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon masanan gidan nan. An jawo mini faiba gida, tsarin 200 Mbps nake biya duk wata. Rautar tana falo, kwamfutar da nake aiki da ita kuma tana ɗakin baya, an bi da kebul ta cikin silin, tsawonsa zai kai mita 25. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na tsaya kusa da rautar da wayar hannuna nakan samu 180 da 'yan kai ta Wi-Fi, amma kwamfutar da aka jona da kebul kai tsaye a 93 ko 94 take tsayawa. Safe da dare haka take, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Ni a sanina kebul ya fi Wi-Fi sauri. Na kira kamfanin, sun ce daga wajensu komai lafiya lau. Sana'ata haɗa bidiyon biki, manyan fayiloli nake saukewa ina aikawa, don haka abin yana ci mini lokaci. In canza kamfani ne ko yaya?

Abu Turab:
Wa'alaikumussalam. Malam kada ka wahalar da kanka, duk kanwar ja ce. Su rubuta maka 200 a takarda su ba ka rabi, in ka yi magana su ce kashe ka kunna. Ni tuni na daina yarda da lambobinsu.

Auta:
Yaya ka canza DNS ɗinka zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1, nan take za ka ga bambanci.

Maman Sadiq:
Kafin a yi nisa, Baban Husna, a ina kake ganin 94 ɗin? Shafi ɗaya ka yi gwajin da shi a wayar da kwamfutar? Na tambaya ne saboda ɗalibaina kullum a nan suke ruɗewa. Kamfani yana sayar da Mbps mai ƙaramin b, manhajar saukewa kuma tana nuna MB/s mai babban B, kuma sai ka raba na farko gida takwas kafin ka samu na biyu. Mai tsarin 200 ba zai taɓa ganin abin da ya wuce 25 MB/s ba wajen saukar da fayil.

Baban Husna:
Hajiya duk a speedtest.net na yi, wayar da kwamfutar. Na kuma gwada fast.com, kusan daidai ne. Wajen saukewa kuwa 11 MB/s da ɗan wani abu nake gani.

Injiniya:
Wa'alaikumussalam wa rahmatullah. Baban Husna, kada ka canza kamfani tukuna. Lambar nan 94 da ka ambata sau biyu ita ce ta ba ni amsa. Intanet ɗin da cunkoso ya dama ba ya tsayawa a lamba ɗaya, yau 70 gobe 130. Idan ka ga gwaji yana hawa da sauri sai ya tsaya cak a 93, 94 ko 95 kowane lokaci, to kwamfutarka da rautarka sun daidaita ne a kan 100 Mbps maimakon 1000. Ragowar biyar ko shidan nan adireshi ne da bayanan sarrafawa da ke rakiyar kowane ƙunshi suke cinyewa: a cikin bayt 1538 da ke bi ta kebul, kimanin 1460 ne kayanka. Shi ya sa mai haɗin gigabit ma 940 yake gani, ba ya ganin 1000.

Sannan wayar hannunka ta riga ta wanke kamfanin a wannan gaɓar. Ta rautar nan ɗaya 180 ɗin ta biyo. Ashe abin yana isowa gidanka, tsakanin falo da ɗakin baya ne yake maƙalewa.

Ga abin da za ka yi. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta ncpa.cpl, danna Ethernet sau biyu, ka karanto mana abin da ke gaban Speed.

Auta, DNS aikinsa ya nemo maka adireshin shafi ne kawai. Zai iya sa shafi ya fara buɗewa da wuri, amma da zarar fayil ya fara sauka ba shi da sauran hannu a ciki.

Baban Husna:
Ikon Allah. Injiniya 100.0 Mbps aka rubuta.

Abu Turab:
Su ma kamfanonin ai sun san shafukan gwajin nan, suna ba su fifiko don ka ga babbar lamba.

Injiniya:
Ko da haka ne Malam Abu, shafi ɗaya ya yi amfani da shi a na'urorin biyu. Me zai sa su fifita wayar su bar kwamfutar?

Baban Husna, yanzu abubuwa uku ake tuhuma: katin sadarwar da ke cikin kwamfutar, ramin rautar ko wata na'ura da ke tsakani, sai kebul ɗin kansa. Mu fara da wanda ba ya buƙatar ka tashi daga kujera. Buɗe Device Manager, ka faɗaɗa Network adapters, ka karanto sunan katin. Idan na Realtek ne kuma ka ga FE a sunan, kamar Realtek PCIe FE Family Controller, to iyakarsa 100 ke nan, haka aka ƙera shi. Idan GbE ko Gigabit ka gani, yana iya 1000. Laftof masu araha da yawa an fito da su da FE ko da shekarun gigabit sun yi nisa, kuma mai sayarwa ba zai faɗa maka ba.

Baban Husna:
Realtek PCIe GbE Family Controller.

Auta:
Shi ke nan an gama. Yaya shiga Properties na katin, Advanced, Speed & Duplex, ka cire shi daga Auto Negotiation ka sa 1.0 Gbps Full Duplex. Dole ya hau.

Baban Husna:
Auta na yi yadda ka ce, intanet ɗin ya ɗauke gaba ɗaya. Jan kuros ya fito, wai Network cable unplugged, alhali kebul ɗin yana jone. Da wayar hannu nake rubutu yanzu.

Injiniya:
Mayar da shi Auto Negotiation, zai dawo. Ba a ɓata komai ba, hasali ma shawarar Auta ta ba mu shaida. Ka ce wa katin kada ya karɓi komai sai 1000, shi kuma ya kasa samunta a kan kebul ɗin nan, sai ya haƙura gaba ɗaya. A Auto kuwa yakan gwada 1000, idan ya gagara sai ya sauko 100 shiru ba tare da ya sanar da kai ba.

Dalili kuwa a cikin kebul ɗin yake. Akwai ƙananan wayoyi takwas a ciki, an murɗe su bibbiyu, tagwaye huɗu ke nan. Haɗin 100 Mbps tagwaye biyu kawai yake amfani da su, waɗanda ke kan fil na 1 da 2 da kuma 3 da 6 daga cikin ƙananan ƙarafa takwas da ke kan kebul ɗin. Gigabit kuwa, tun da aka fitar da ƙa'idarsa a 1999, duka takwas ɗin yake buƙata. Ɗaya ta katse ko ba ta taɓa fil ɗinta sosai ba, ka koma 100. Intanet yana aiki, fitila tana walƙiya, ba wanda zai zargi kebul.

Abin da nake jan kunnen kowa a kai shi ne tilasta wa kati 100 Mbps Full Duplex alhali rautar tana kan Auto. A nan rautar takan ɗauka rabin hanya ce, wato ba a aikawa da karɓa a lokaci guda, ɓangarorin biyu su riƙa karo da juna. Speed zai nuna maka 100 amma abin da za ka samu ba zai kai ko kusa ba. A bar shi a Auto a nemo ainihin ciwon.

Mai Kafe:
Sannunku da aiki. Baban Husna, ka tabbata ba wata ƙaramar akwati tsakanin rautar da ɗakinka? Masu wayarin sukan maƙala suwic a bayan talabijin ko a cikin silin don su raba kebul zuwa ɗakuna, mai gida bai ma san da shi ba. A na TP-Link ka duba sunan: TL-SF1005D na 100 ne, TL-SG1005D na gigabit. Harafi ɗaya ne bambancin, kuma a ido kamarsu ɗaya. Haka ƙananan rautocin nan da suka cika kasuwa, irin TL-WR840N da Tenda F3, an rubuta 300 Mbps ɓaro-ɓaro a kwali, amma wannan na Wi-Fi ne, ramukan kebul ɗinsu duka na 100 ne. Wanda ya jona irinsu a bayan akwatin faiba ya rage wa gidansa gaba ɗaya.

Sannan ka sauya rami a bayan rautar. A shagona bayan wani ruwan sama mai tsawa rami ɗaya ya daina hawa gigabit, sauran ukun lafiyarsu ƙalau.

Baban Husna:
Oga Mai Kafe babu suwic, ina tsaye aka ja kebul ɗin. Rautar kuma wadda kamfanin ya kawo ce, ita kaɗai. Na gwada ramukanta huɗu, duk 100 ne.

Injiniya:
To saura gwajin da zai raba gardama. Akwai ɗan gajeren kebul da ke zuwa cikin kwalin rauta. Ɗauko kwamfutar ka kawo ta falo, ko ka ari laftof mai ramin gigabit, ka jona da gajeren nan. Na san ɗaukar babbar kwamfuta da allonta aiki ne, amma ya fi ka sayi abin da ba shi ne matsalar ba.

Baban Husna:
Na kinkimo ta, yara suna ta kallona. Injiniya ranka ya daɗe: Speed 1.0 Gbps, gwaji 191 saukewa.

Maman Sadiq:
Alhamdulillah. Malam Abu sai ka nemi afuwar kamfanin mutane.

Abu Turab:
Hajiya a yi dai mu gani. Dare bai yi ba tukuna.

Auta:
Yaya ka sayi Cat8 kawai ka huta, shi ne ƙarshe. Akwai masu faɗin nan da ke bi ta ƙarƙashin ƙofa.

Injiniya:
Ƙanina Auta, kana da zafin nama, Allah ya ƙara basira, amma kuɗin Baban Husna kake son kashewa. Cat5e, Cat6 da Cat8 duk ajin kebul ne. Cat5e na gaskiya yana ɗaukar gigabit har mita 100. Cat6 yana ɗaukar 10 Gbps zuwa kimanin mita 55. Cat8 an yi shi ne don ɗakunan manyan sabobi, wato kwamfutocin da ke ajiye shafuka da fayiloli, 25 da 40 Gbps a tazarar da ba ta wuce mita 30 ba. Mutumin da rautarsa gigabit ce kuma tsarinsa 200 ne, ko Cat8 ya sa ko Cat5e, lamba ɗaya zai gani. Masu faɗin nan da ake buga wa Cat7 da Cat8 a jiki kuwa, yawancinsu wayoyin ciki sirara ne ƙwarai, rubutun ne kawai babba.

Kuma ba lallai ne kebul ɗin silin ɗin ya lalace duka ba. Mafi yawan lokaci a kai ne matsalar take. Baban Husna, ɗaga kan kebul ɗin a haske, duka ɓangarorin biyu. Wayoyi nawa kake gani a ciki? Duk sun kai ƙarshen robar? Filayen nan masu ruwan zinariya duk sun nutse daidai, ko akwai wanda ya ɗan tsaya sama?

Mai Kafe:
Ya ƙirga da kyau. Akwai masu wayarin da ke raba kebul ɗaya gida biyu, huɗu su ba ɗaki ɗaya, huɗu su ba wani, don a rage kuɗin kebul. Yana aiki kuwa, amma a 100 har abada. Haka wasu gajerun kebul masu araha da wayoyi huɗu kawai ake yin su tun daga masana'anta.

Baban Husna:
Takwas ne a kowane kai. Amma a na ɗakin baya, mai ruwan ƙasa ta ƙarshen nan kamar ba ta kai ƙarshe ba, ta ɗan ja baya. Akwai yaron da ke gyaran kwamfuta a bakin layinmu, na karɓo testarsa mai fitilu takwas. Daga 1 zuwa 7 duk suna kamawa, ta 8 ba ta kamawa.

Injiniya:
Ga ɓarawon nan. Fil na 7 da 8 su ne tagwaye masu ruwan ƙasa, haɗin 100 bai damu da su ba, gigabit kuwa ba ya tashi sai da su. A yanke kan a matse sabo.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan Zinder. Aikin da nake yi ke nan, jan kebul da saka kyamarori. Baban Husna, idan yaron zai matse sabon kai ka tsaya a kansa ka ga jerin launukan, don akwai kuskuren da testar nan mai fitilu ba ta kama shi. Wasu suna jera tagwayen gefe da gefe, ruwan lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ruwan ƙasa biyu, su yi haka a duka kawunan. Fitilu takwas duk za su kama, ya ce maka aiki ya yi. Amma fil na 3 da na 6 dole su kasance tagwaye ɗaya da aka murɗe tare, haka 4 da 5. Murɗin nan shi ke hana siginar wata waya shiga wata. Idan aka raba su, a gajeren kebul ba za ka lura ba, a dogo kuwa sai ka ga haɗi yana hawa yana sauka, ko Speed ya nuna lamba mai kyau amma aiki yana jan ƙafa.

Jerin da aka fi bi shi ne T568B. Ka riƙe kan, filayen suna kallonka, 'yar maƙallar tana baya, bakin da kebul ke shiga yana ƙasa, daga hagu zuwa dama: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka duba ɗaya kan da ke falo, in shi ma haka yake to ka bi shi. Kada ya warware murɗin da yawa, abin da bai wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba, kuma rigar kebul ɗin ta shiga cikin kan yadda matsewar za ta kama ta. In rigar tana waje, duk jan da aka yi wa kebul ƙananan wayoyin ne ke ɗaukar nauyin, haka taka mai ruwan ƙasa ta zame.

Baban Husna:
Na gode Malam. Yaron ya zo ya yanke, sai ya nuna mini wani abu. Da ya kankare ɗaya daga cikin wayoyin da reza, sama-sama ne kawai ja, ciki fari ne fat. Ya ce ba jan ƙarfe ba ne. A jikin kebul ɗin kuwa Cat6 aka rubuta.

Ɗan Damagaram:
CCA ke nan, alminiyam ne aka yi masa fenti da jan ƙarfe. Ya cika kasuwanninmu, nan da can duk ɗaya. Alamarsa kwalin mita 305 ba shi da nauyi, kuma farashinsa ya yi daɗi fiye da kima. Idan ka kara wa waya ɗaya ashana za ka ga ta lanƙwashe ta zube, jan ƙarfe kuwa sai dai ya yi ja ya tsaya. Ƙa'idar Cat5e da Cat6 jan ƙarfe zalla ta yarda da shi, don haka rubutun jikinsa ƙarya ce. Alminiyam ya fi jan ƙarfe tauye wuta, yana kuma karyewa da wuri idan ana lanƙwasa shi. Ni ba na sa shi a aikin kyamarar da ke shan wuta ta kebul, ko mai gida ya roƙe ni.

Mai Kafe:
Gaskiya ne, amma kada a tsorata bawan Allah. Rabin shagona CCA ne kuma gigabit suke hawa, don ba wanda ya wuce mita 15. A mita 25 ba tare da wuta ta bi ta ciki ba, in an matse kai da kyau zai yi. Ya gwada tukuna kafin a ce a fasa silin.

Injiniya:
Ku biyun duk kuna da gaskiya. A matse a gani. Sai dai ni a gidana ba zan bar shi a wurin da sai an hau tsani kafin a kai gare shi ba. Ranar da za a sake wani aiki a silin ɗin, a musanya shi.

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana suna kusa. Ni tawa ta bambanta. Laftof ɗina ba shi da ramin kebul, da adafta nake jonawa ta USB. Na bi abin da Injiniya ya ce, Speed 1.0 Gbps ya nuna. Tsarinmu na 100 ne. Amma idan ina saukar da darussa daga shafin makarantar da nake karatu a Ingila, ba ya wuce 430 KB/s, alhali laftof ɗin maigidana a kan kebul ɗin nan ɗaya yana sauke fayil ɗin cikin ƙanƙanin lokaci.

Injiniya:
Wa'alaikumussalam Malama. Tunda kebul ɗaya ne kuma nasa yana gudu, a cikin laftof ɗinki abin yake. Game da adafta, a sani cewa masu USB 2.0 yawancinsu na 100 ne, kuma mai gigabit ma idan aka soka ta a ramin USB 2.0 da wuya ta wuce 300 da wani abu. Ramin USB 3.0 galibi cikinsa shuɗi ne ko an rubuta SS a gefe. Amma duk wannan ba zai kai ki ƙasa har 430 KB/s ba.

Fara da masu sauƙi. Akwai VPN a kunne? Buɗe Task Manager, ɓangaren Performance, ki ga ko Ethernet yana aiki alhali ba ki taɓa komai ba, don OneDrive, Google Drive da sabuntawar Windows sukan ci hanya a ɓoye. In duk babu, tambayata ita ce: an taɓa saka wa laftof ɗin manhajar nan da ake cewa tana ƙara saurin intanet ko tana gyara Windows? Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ki rubuta:

netsh interface tcp show global

Ki duba layin Receive Window Auto-Tuning Level.

Ummu Hanan:
Babu VPN. Layin kuma disabled aka rubuta. Ƙanina ne ya taɓa saka irin manhajar lokacin da yake wasanni da shi.

Injiniya:
To lissafin ya fito daidai. Idan aka kashe wannan, Windows ba ya yarda a turo masa fiye da kimanin 64 KB sai ya aika da amsar cewa ya karɓa. Idan zuwa da dawowa tsakaninki da sabar da ke Turai yana cin kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa, raba 64 KB da 0.15, za ki samu wajen 430 KB a daƙiƙa. Ko tsarin 1000 kike biya a nan za ki tsaya. Shafukan gwaji ba sa fallasa shi sosai saboda suna zaɓar sabar da ke kusa kuma suna buɗe hanyoyi da yawa a lokaci guda. Rubuta wannan, sannan ki cire manhajar:

netsh interface tcp set global autotuninglevel=normal

Ummu Hanan:
Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Fayil ɗin nan yanzu 9 MB/s yake sauka.

Baban Husna:
Ni ma ga rahoto. An matse sabon kai da jerin da Ɗan Damagaram ya bayar, fitilu takwas sun kama, na mayar da kwamfutar ɗakinta. Speed 1.0 Gbps. Da la'asar na samu 189. Amma yanzu bayan Isha na sake gwadawa, 121, sai 134, sai 117. Wayar hannun ma haka.

Abu Turab:
Hajiya Maman Sadiq, ina kike? Na ce a bari dare ya yi.

Maman Sadiq:
Ga ni Malam. Na ba ka rabin gaskiya, rabin kuma na yaron da ya matse kai ne.

Injiniya:
Wannan kam ba daga ɗakinka ba ne, kuma ka lura da bambancin: lambar tana yawo, kuma ta shafi duka na'urorin. Faibar gida galibi GPON ce. Zare ɗaya ne ke fitowa daga na'urar kamfani ɗauke da kimanin 2.5 Gbps na saukewa da 1.25 na aikawa, sai a rarraba shi ga gidaje 32 ko 64. Kamar famfon unguwa ne, da rana ruwa da ƙarfi, da kowa ya dawo gida ya buɗe nasa sai ya ragu. Wani lokacin kuma ba a unguwar cunkoson yake ba, a babbar hanyar kamfanin ce zuwa Legas, inda kebul ɗin ƙarƙashin teku irin su MainOne, Glo-1, WACS da Equiano suke sauka.

Za ka iya ganewa da kanka. A speedtest.net danna Change Server, ka gwada sabar kamfaninka ko mafi kusa da kai, sannan ta wani kamfani a Legas, sannan ta Landan. In ta kusa tana ba ka 190 amma na nesa sun faɗi, cunkoson yana can gaba. In ta kusa ma ta faɗi, a yankinku ne. Ka tabbata kuma ba kowa a gidan da ke kallon bidiyo lokacin gwajin.

Ɗan Damagaram:
Mu nan da ba mu da teku sai ta ƙasashen maƙwabta intanet ke iso mana, don haka gwajin sabar nesa kullum ƙasa yake. Ku tuna 14 ga Maris 2024 da kebul huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, WACS, ACE, MainOne da SAT-3. Mutane da yawa a lokacin sun yi ta zargin rautocinsu.

Abu Turab:
To ni tambayata, wanda ya biya 200 ya samu 120 da dare, shiru zai yi?

Injiniya:
A'a. Amma ya je da hujja. Ya duba takardar yarjejeniya tukuna, yawancin tsarin gida "har zuwa" kaza ake rubutawa, wasu kuma suna da iyakar da idan ka wuce ta a wata za a rage maka gudu. Sannan ya riƙa gwaji ta kebul, safe da dare, a saba ɗaya, yana ɗaukar hoton sakamakon har da na Speed mai nuna 1.0 Gbps, don kada a ce masa Wi-Fi ne ko kebul ɗinsa. Ya kai wa kamfanin ya karɓi lambar ƙorafi. In ba su yi komai ba, a Najeriya akwai layin hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, na 622, kyauta ne, kuma za su tambaye shi lambar ƙorafin da kamfanin ya ba shi.

Baban Husna:
Zan fara tarawa daga gobe in sha Allah. Tambaya ta ƙarshe Injiniya. Mai wayarin zai zo ranar Asabar don ƙara soket a ɗakin bayan, na ce tunda za a hau silin a ja sabon kebul na jan ƙarfe gaba ɗaya. Ya ce zai zura shi a fayif ɗin da wayar wuta take ciki don aiki ya yi sauƙi. In bar shi?

Injiniya:
Kada ka bar shi. Fayif daban, da 'yar tazara tsakaninsu, in kuma dole su haɗu to su gitta juna, kada su yi tafiya tare. Ban da hayaniyar da wayar wuta ke jefa wa sigina, haɗa su a fayif ɗaya haɗari ne ranar da rigar ɗaya ta fashe. Ka sa ya kankare waya ɗaya a gabanka tun a shago kafin a biya kuɗi.

Ɗan Damagaram:
Ya kuma bar rarar mita ɗaya a kowane ɓangare saboda ranar da za a sake yanke kai. In da hali a sa soket na bango a ɗakin, daga nan a jona da gajeren kebul, don mai shara ko ƙafar kujera su riƙa jan gajeren maimakon na cikin silin.